Dattawa ba su ƙi kiɗa ba, mu masu sa kiɗan ne ba mu iya zaɓar musu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan sana'ar da nake ci nake sha a cikinta, wato sa kiɗa a wurin biki, wadda yaran yanzu suke kira di-je. Na fara ne da sayar da kaset a rumfar kasuwa tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991, daga baya na sayi janareta da sifiku ina ba da haya a ƙauyukan ƙasar Haɗeja, yanzu kuma da girma ya fara kamawa yara biyu ne suke yi mini yawancin fitar. Ranar da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta fara jin an ce di-je ya iso, cewa ta yi wace Dijen, ta gidan wa. Har ta rasu ba ta yarda sunan sana'a ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta zama ruwan dare, cewa dattawa ba sa son kiɗa, don haka idan taron manya ne gara a bar sifika a gida. Ni ban yarda da wannan ba. Mutanen nan da muke gani sun jingina da bango suna jan carbi, su ne a ƙuruciyarsu suke taka sayyada zuwa wani gari domin kallon kalankuwa bayan an ɗauke amfanin gona, su ne kuma suke kwana da akwatin rediyo a kunne suna jiran Rediyon Kaduna ya sako mawaƙin da suke so. Idan yau mun kunna kaya suka tattara tabarmarsu suka koma zaure, ba kiɗa suka guje wa ba, mu suka guje wa.

Kuskuren farko da yaranmu suke yi shi ne ɗaukar duk mai furfura a matsayin abu guda. Yaro zai zuba waƙoƙin Alhaji Mamman Shata guda ashirin a mimori, ya ce ya gama da tsofaffi. Ba na musun cewa Shata, wanda ya rasu a 1999, da wuya ka sa kalangunsa a taron Hausawa ka rasa mai gyaɗa kai. Amma sai an yi lissafin shekaru, domin waƙar da take taɓa zuciyar mutum ita ce wadda ya ji lokacin yana neman aure ko ana neman aurenta. Wanda aka haifa a 1955 ya cika ashirin a 1975, zamanin garmaho da rediyo, saboda haka kunnensa a kan kotson Musa Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗanmaraya Jos da kukumar Garba Supa ya tashi. Ita kuwa matar da aka haifa a 1980, wadda a ƙauye yanzu ita ce uwar amarya har ma da jikoki, ta yi 'yanmatancinta ne lokacin da waƙoƙin finafinan Hausa na fiyano suka cika gari, kuma idan ka hana ta su ka hana ta ƙuruciyarta. Dukkansu biyun “manya” ake ce musu a wurin biki, alhali shekara ashirin da biyar ce a tsakaninsu. Garin ma yana da nasa. A nan wajenmu, gurmin Haruna Uji yana tayar da dattijon da babu wani mawaƙin Sakkwato da zai motsa shi, saboda ɗan gida ne, kuma a cikin masu sauraron akwai waɗanda suka gan shi da idonsu yana wasa.

Na fi jin ciwon yadda ake yanka waƙa. Yaran sun koyi salon birni, inda ake sa waƙa minti ɗaya a tsallaka wata, a haɗa kan wannan da wutsiyar waccan, mai kiɗan kuma yana ta ihu a makirfo yana kiran sunan abokan ango. Wataƙila hakan ya yi wa samari daidai, tunda su rawa suka zo yi. Waƙar makaɗan da kuwa labari ce mai kai da gindi, wata takan kai minti goma sha biyar ko fiye, mawaƙi yana jan baiti 'yan amshi suna karɓa, yana ambaton mutane da garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ke sauraro ya san inda aka nufa, akwai baitin da yake jira, wani lokaci garinsu ne za a ambata ko wani ubangidan mahaifinsa. Na taɓa ganin wani tsoho a walimar dawowa daga aikin Hajji ya ɗaga yatsa sama yana jiran wurin nan, leɓensa har ya fara motsi, sai yarona ya datse waƙar ya sako wata. Tsohon bai ce uffan ba, ya sauke hannunsa, ya laluba takalminsa ya tafi. Tun daga ranar na kafa wa yarana doka cewa a taron manya waƙar da aka fara sai ta dire, kuma makirfo ba ya buɗewa a kan muryar mawaƙi sai idan sanarwa ce ta dole.

Sai maganar ƙara. Likitoci sun bayyana cewa idan mutum ya manyanta, siririn sauti ne yake fara ɓace wa kunnensa, shi ya sa tsoho yakan ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomin idan akwai hayaniya a gefe. Mu kuma mun saba murɗa bes har ƙirji ya riƙa girgiza, wanda yake danne muryar mawaƙin ya bar dukan ganga kawai, alhali dattijo kalmomin ya zo ji. Ga shi yawancin tsofaffin waƙoƙin nan daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, don haka wata tana fita ƙasa-ƙasa wata kuma ta fashe kamar tsawa, kuma duk wanda bai zauna a gida ya saurare su ɗaya bayan ɗaya ya daidaita ba, a gaban jama'a zai ji kunya. Ma'aunina mai sauƙi ne. Idan an kunna, nakan je har tabarmar manya in durƙusa in gaishe su. Idan sai na ɗaga murya kafin a amsa mini, to ƙarar ta yi yawa. Taron dattawa rabinsa gaisuwa ce da tambayar iyali da labarin damina, wasu sun shekara ba su haɗu ba, kuma kiɗan da ya hana su wannan hirar ya ɓata abin da ya tara su. Sifika ma ba a kafa ta a bayan kansu, a ɗaga ta a nesa a juya bakinta wajen fili.

Amma inda aka fi yin ɓarna, kuma inda ni kaina na taɓa faɗawa, shi ne rashin sanin abin da waƙar take faɗa da kuma gidan da aka zo. Waƙoƙin gargajiya cike suke da habaici da zambo, kuma manya ba sa jin waƙa a banza, sai sun nemo wanda aka yi dominsa. Shekarun baya an ɗauke ni yinin biki a wani ƙauye, mata sun cika tsakar gida, tsofaffi a gaba. Na ga wurin ya yi sanyi, sai na sako kiɗan ƙwarya irin na amada, wanda marigayiya Barmani Choge, da ta rasu a 2013, ta yi suna a kansa. Nan da nan wata tsohuwa da aka ce ƙafa ta hana ta zuwa rijiya ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili, aka yi ta guɗa ana yi mata liƙi da 'yan naira hamsin-hamsin. Daɗi ya ɗebe ni, na biyo da wata waƙar amadar ba tare da na tuna cewa habaici ce ga kishiya ba, ban kuma tambaya ba balle in san cewa angon ƙari yake yi, uwargidan tana zaune a wurin da danginta sun zo taya ta danne zuciya. Kafin a kai rabin waƙar dangin uwargida sun tattara kwanukansu sun fice, suna cewa dangin amarya ne suka biya ni in ci musu fuska. Sai da mai unguwa ya shiga maganar washegari, ni kuwa cikon kuɗina ko tambayarsa ban yi ba. Laifin nawa ne ɗungurungum, domin tambaya ɗaya a zaure da ta ishe ni.

Irin wannan tarkon yana nan a waƙoƙin fada. Ranar naɗin dagaci ko mai unguwa, waɗanda suka nemi sarautar ba su samu ba suna zaune a wurin, sun zo ne don kada a ce sun yi hassada. Makaɗan fada kuwa, idan suna yabon sarki, sukan yi zambo ga 'yan sarkin da suka ja da shi, saboda haka waƙar da kake ganin ta dace da ranar sarauta tana iya zama mari ga ɗan'uwan wanda aka naɗa. Waƙoƙin siyasa sun fi haɗari. Yaro ɗan shekara ashirin bai san cewa tsofaffin nan biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ɗan tsohuwar jam'iyyar NEPU ne tun asali ɗaya kuma gidansu abokiyar hamayyarta NPC suka yi ba. Bai san cewa bayan PRP ta ci gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin da mu ma a cikinta muke, jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, har aka yi gaba tsakanin wa da ƙani ba. Shi a wurinsa tsohuwar waƙa ce mai daɗin kiɗa, su kuwa miki ne da ya warke sama-sama. Ni dai waƙar jam'iyya, ta da ko ta yanzu, ba ta shiga kayana idan ba taron jam'iyyar aka kira ni ba.

Akwai kuma gidajen da abin da suke so shi ne yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da mandiri, akwai waɗanda ko mandirin ba sa so, makirfo kawai suke bukata domin wa'azi da addu'a. Wannan ba hurumin mai sifika ba ne ya yanke, maigida ake tambaya, kuma abin da ya faɗa shi ne. Kashe kaya da an fara kiran sallah kuwa bai kamata ma sai an faɗa wa ɗan Musulmi ba, amma abin takaici har yanzu ana samun wanda sai liman ya aiko. Manya ba sa kai dare, don haka abin da ka tanada mafi kyau ka sa shi tsakanin la'asar da magariba, lokacin da wuri ya cika kuma rana ta yi sanyi, kada ka ɓoye shi sai bayan isha'i ka sa wa tabarmi.

Ina sane da cewa a wasu garuruwa masu unguwanni da malamai sun gaji har sun hana kiɗan di-je gaba ɗaya, kuma idan aka dubi cakuɗuwar maza da mata da raye-rayen da ake kaiwa tsakar dare ana yi, ba zan ce ba su da hujja ba. Roƙona gare su shi ne su bambanta tsakanin wancan da taron da aka yi da rana, cikin mutunci, inda tsohuwa za ta ji waƙar zamaninta ta tuna ƙawayenta da suka riga mu gidan gaskiya. Masu ɗaukar mu aiki kuma su daina tsayawa a ciniki kaɗai. Su gaya mana su wa za su zo, auren fari ne ko ƙari, ko akwai rashin da aka yi kwanan nan a dangi, domin waƙar da marigayi yake so tana iya sa matarsa kuka a tsakiyar biki. Idan kuma garin yana da sauran makaɗin kalangu ko matan da suka iya kifa ƙwarya a ruwa su buga, a kira su, mu ba su makirfo mu koma gefe. Na gwada hakan sau da dama, kuma liƙin da ake yi musu ya ninka wanda ake yi idan na'ura ce take waƙar.

Kaka ta gabato, an fara yankan riɗi da shinkafa, bukukuwa za su yi yawa daga nan har zuwa azumi. Akwai wani biki da aka riga aka ba ni kafin alƙalami, kuma na ce wa yarana ranar kasuwa mai zuwa za mu je gidan tare, su zauna a gaban kakar amarya da takarda da biro, ta faɗa musu waƙoƙin da aka yi a nata bikin su rubuta.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai hayar sifika,
daga ƙasar Haɗeja, Jihar Jigawa.