Zuwa ga Yaya, a kan maganar hannun Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina yi wa Baba sannu da jiki, Allah ya ƙara masa sauƙi. Abin da ya sa na rubuto shi ne labarin da auta ta ba ni a waya, cewa wani mutum ya kawo na'urar lantarki wadda ake mannawa a wuya da kai, yana cewa irinta ce ake warkar da shanyewar ɓarin jiki da ita a ƙasashen Turawa, kuma Kawu ya ba da shawara a dakatar da zuwa wurin likitan gashi mai motsa wa Baba gaɓoɓi, a saye ta da kuɗin da na turo. Ina roƙonka da girman Allah kada a taɓa kuɗin nan saboda ita, kuma kada a sa wa Baba ita ko da sunan gwaji.

Maganar mutumin tana da tushe, shi ya sa take da haɗari. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa ƙirji da ciki, likitoci suna kiranta bagus, kuma lallai an gano cewa zaburar da ita da lantarki yana taimaka wa hannun da ya shanye. To amma na'urar da ake yin wannan aiki da ita, mai suna Vivistim, tiyata ake yi a dasa ta a ƙarƙashin fatar ƙirji, a jawo siririyar waya a naɗe ta a jikin jijiyar ta gefen hagu na wuya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Agusta na 2021, bayan wani gwaji da aka yi a Amurka da nan Birtaniya a kan mutum 108, wanda mujallar Lancet ta buga a shekarar. Mutanen da aka gwada duk toshewar jijiyar jini ce ta jawo musu ciwon, sun yi aƙalla wata 9 da kamuwa, kuma suna da sauran motsi a hannun.

Ga inda nake so ka karanta wa Kawu da kyau. Dukkansu an dasa musu na'urar, dukkansu kuma sun yi mako 6 suna zuwa asibiti sau 3 a mako suna motsa hannu, ɗaukar abu da ajiyewa, juya marfi, miƙa yatsu, sau ɗaruruwa a zama guda, sannan suka ci gaba da yi a gida. Wasu ana kunna musu lantarkin na rabin daƙiƙa a daidai lokacin da suke motsin, wasu kuwa ba a ba su a lokacin motsin. Bayan kwana 90 da gama zuwa asibitin, kashi 47 cikin ɗari na waɗanda aka kunna wa sun sami ci gaba mai ma'ana, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 24. Ka lura da abu biyu: fiye da rabin waɗanda aka yi wa tiyata mai tsada, aka kunna musu na'urar gaske, ba su kai wannan mataki ba, sannan kusan ɗaya cikin huɗu sun kai shi da motsa hannu kaɗai. Lantarkin yana sa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da hannu yake koyo a wannan daƙiƙar, kamar malamin da yake cewa yaro madalla a lokacin da ya karanta daidai, idan kuwa hannun yana kwance babu abin da za ta riƙe.

Wanda ake yi a kai ma akwai shi iri biyu, na maganaɗisu da ake karawa a saman kai, da na lantarki mai rauni ƙwarai da ake bi da shi ta fatar kai. Ana ta gwada su shekara da shekaru, wani gwajin ya nuna amfani, wani kuma bai nuna bambanci da na'urar da ba ta aiki ba, kuma ko masu yinsu sai sun tambayi mara lafiya ko yana da farfaɗiya ko ƙarfe a kai. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ƙaramar na'urar da likitocin gashi ke mannawa a damtse ko kafaɗa don ta motsa tsoka ta buɗe yatsu. Ita ma likitan ne yake zaɓar wurin da ƙarfin, kuma ba a manna ta a gaban wuya, domin akwai wurin da idan lantarki ya taɓa a nan, bugun zuciya da jini suna iya faɗuwa. Ka tambayi likitan Baba ko tana da amfani a gare shi, idan ya ce a saya ka sanar da ni, zan turo kuɗinta daban.

Ba daga intanet kawai na tsinto waɗannan abubuwa ba. Aikina a nan shi ne kula da masu irin ciwon Baba, ni nake ɗaga su, ni nake zama da su suna maimaita abin da likita ya koya musu, har manyan ma'aikata sukan bar mini sababbin zuwa in nuna musu. Wallahi Yaya, akwai ranar da nake riƙe da hannun mahaifin wani ina miƙa masa yatsu, sai in tuna nawa mahaifin yana can, ku ne kuke ɗawainiya da shi dare da rana, ni kuwa iyakata turo kuɗi da yawan magana. Na san kai ne kake ganin fuskarsa idan ya kasa riƙe kofi, don haka ban ga laifin duk wanda ya ji an ce ga hanya mai sauri ya so a gwada ba. Ni lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai da aikin dare, kuma na saba, kada Inna ta sa damuwa a ranta.

Baba bai cika wata shida da kamuwa ba, kuma a watannin farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon motsi, saboda haka duk makon da aka fasa zuwa gashi asara ce babba. Kuɗin da na turo na abu uku ne: kuɗin likitan gashi, kuɗin motar kai shi da dawo da shi, da maganin hawan jini da sauran magungunan da aka rubuta masa. Kada maganin hawan jini ya yanke ko na kwana ɗaya, domin dawowar ciwon a karo na biyu ita ce abin da na fi tsoro. Ka riƙe kuɗin a hannunka kai kaɗai, ka ba Kawu haƙuri cikin ladabi, ka ce ni ce na nace.

A gida kuma a daina yi wa Baba komai da komai. A bar shi ya gwada ɗaukar cokali da hannun, ko da zai zubar, a riƙa zama ta gefen da ya shanye idan ana hira da shi, kuma kada wanda ya ja shi ta wannan hannun idan za a tashe shi, domin kafaɗar tana saurin gocewa. Auta ta ɗauko mini bidiyon yatsunsa yana motsa su a kowane mako in riƙa gani. Idan kuka ga bakinsa ya sake karkacewa, ko maganarsa ta sarƙe, ko wani sabon rauni ya zo, a kai shi asibiti nan take, kada a jira a kira ni.

Zan sake turo wani abu a ƙarshen wata in Allah ya yarda, shi ma na gashi da magani ne. Ka rubuto mini abin da likitan ya ce game da na'urar damtsen, da kuma ko mutumin nan ya riga ya karɓi wani abu daga hannun Kawu. Ka gaishe da Inna da matarka da yara.

Wassalam,
ƙanwarka.