A riƙa tunawa da Shumway idan ana maganar dashen zuciya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka taɓo tarihin dashen zuciya, sunan Christiaan Barnard kaɗai ake ji, likitan da ya yi dashen farko daga mutum zuwa mutum a Cape Town ta Afirka ta Kudu a watan Disamban 1967. Ba na ƙwace masa yabonsa, amma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin Norman Shumway na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya share fagen.

Tun kafin 1960 Shumway da Richard Lower suke gwada dashen a jikin karnuka, har suka daidaita yadda ake ɗinke sabuwar zuciya. Majiyyacin Barnard kwana 18 ya yi ya rasu. Da mace-mace suka yi yawa, asibitoci da dama suka janye, Shumway kuwa ya ci gaba. A sashensa aka ƙware wajen zura siririn bututu ta jijiyar wuya a tsinko ɗan ƙanƙanin naman zuciya, a duba ko jiki ya fara ƙin ta tun kafin majiyyaci ya galabaita. Wannan kaɗai ya ceci rayuka da yawa.

A 1981 Bruce Reitz, tare da Shumway, ya yi dashen zuciya da huhu a haɗe na farko da ya yi nasara, bayan gwaje-gwaje a jikin birai da maganin cyclosporine, mai hana jiki ƙin abin da aka dasa masa.

Ina roƙon jaridarku ta ware shafi ta ba da labarin waɗannan shekaru na bincike.

Naku,
Wani mai karatu