Amsa ga Alhajin da ya ce me ya kawo Burmi cikin darasin tarihi

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga iyali. A taron majalisar iyayen yara ka miƙe ka yi mini tambaya a gaban jama'a, lokaci kuma ya ƙure ban amsa ta yadda ta cancanta ba. Ka ce yaƙin da ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 ya riga ya cinye wa yara karatu mai yawa, to don me nake tura su wurin kakanninsu su tambayo labarin hijirar mutanenmu daga ƙasar Hausa zuwa Sudan, alhali ba ya cikin muƙarrar, wato manhajin gwamnati, ba zai kuma fito a imtihan ba? Sannan ka ƙara da wadda ta fi nauyi, cewa yawan tuna wa yara daga yamma muka fito miƙa sanda ne ga masu kiran mu baƙi.

Bari in fara da imtihan, tunda shi ne a bakin kowa.

Ka san yadda aka saba koyar da tarihi. Ustaz ya cika sabbura, wato allo, da rubutu, yara su kwafe, aji ya ɗauki amo: yaƙin Karari, 1898. Ranar imtihan su juye a takarda, bayan wata guda ka tambaye su wa ya yaƙi wa, sai kallon-kallo. Zuba ruwa ne a kwando. A ajina igiya na ɗaura a bango, muka maƙala mata takardu: 1504 kafuwar daular Funj a Sinnar, 1821 faɗuwarta a hannun rundunar Muhammad Ali Basha, 1885 Mahadi ya ci Khartum, 1898 Karari, inda Ingilishi suka karya rundunar Mahadiyya, 1925 madatsar ruwan Sinnar, 1956 'yancin kai. Duk waɗannan na littafin gwamnati ne. A ƙarƙashinta sai na ɗaura igiya ta biyu: 1804 hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, Maris 1903 Turawa sun shiga Sakkwato, Yuli 1903 an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, wajen 1906 ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da jama'arsa a gaɓar Shuɗin Nilu. Yaro da kansa yake ƙirgawa ya ga shekara 5 ce kacal tsakanin Karari da Burmi, kuma Ingilishi ɗin dai su ne, bindigar Maxim ɗin ma ita ce. Wanda ya gano wannan da yatsansa a kan igiya ba ya ƙara manta 1898.

Daga nan nakan jefa musu tambaya guda, in raba su rukuni-rukuni, in ja bakina in yi shiru. Turawan da suka kashe uba a Burmi, me ya sa suka bar ɗansa ya kafa gari a ƙasar da su ke mulki? Alhaji, da ka ji gardamar da ke tashi! Wani ya ce tsoronsa suke ji, wata ta ce so suke su sa masa ido. Sai sun gaji nake tuna musu cewa ƙasar ta fito ne daga yaƙe-yaƙen Mahadiyya da babbar yunwar da ake kira Sanat Sitta, gonaki ba manoma, gwamnatin Wingate, gwamnan Ingilishi na Sudan a lokacin, kuma tana neman hannu ruwa a jallo. In muka iso babin aikin noman Jazira da audugarsa, ba sai na sha wahala ba, don rabin ajin akwai wanda kakansa ya tsinci auduga a hawashar wani, wato gonarsa, ya kwana a kambo, sansanin 'yan ƙwadago.

Zuwa wurin tsofaffi kuwa, ba na tura yaro ya haɗiye duk abin da ya ji. Ina koya masa ya durƙusa ya gaishe su, ya saurara har a gama, sannan cikin ladabi ya tambaya: Kaka, wa ya faɗa miki? Shi ya gani da idonsa, ko ji ya yi? Sau da yawa yara biyu kan dawo da labari biyu masu karo da juna. Kakar wannan ta ce da ayarin Mai Wurno suka zo, kakar wancan ta ce a'a, nasu aikin Hajji ne ya fito da su a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna yada zango su yi noma su tara guzuri, da niyyar tsallakawa daga Sawakin, har zama ya kama su a hanya. Babu maƙaryaciya a cikinsu. Ba dukanmu ne mutanen Burmi ba, wasu sun riga su zuwa, wasu sun biyo baya da shekaru masu yawa. Yaron da ya iya auna maganar kakarsa da waɗannan tambayoyi zai auna littafi da su, zai auna saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp da su, kuma a kwanakin nan wannan na ƙarshen ya fi damuna.

Wannan ba bidi'ata ba ce. Cibiyar horar da malamai ta Bakht ar-Ruda da aka buɗe a Duwaim a 1934 da irin wannan ta yi suna: darasin labarin ƙasa ya kai yara ziyara, a cikin littafi, wurin abokai a garuruwan Golid da Yambiyo, su ga abin da suke ci da yadda suke nema. Tsaranka har yau suna rera sunayen abokan nan. A farkon 2021 kuwa ƙasa ta ɗauki zafi kan wani hoto a littafin tarihi na aji shida, har Firaminista Hamdok ya dakatar da sabon manhaji. An yi ta musu kan abin da ke cikin littafi, ban ji an tsaya kan yadda malami zai koyar da shi a ajin da ya cika maƙil, babu taswira, alli ma sai an yi karo-karo ba.

Saura tsoronka na biyu. Ban raina shi ba, don rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 bai bar zukatanmu ba. Amma masu cewa mu baƙi ne ba su jira darasina ba. Yaronmu zai ji wannan magana a kasuwa ko a layin neman takardar ɗan ƙasa, ko mun ɓoye masa ko ba mu ɓoye ba. In bai san komai ba, ko ya sunkuyar da kai ko ya dunƙule hannu. Na fi so ya iya cewa a natse garinsu ya girmi tutar Sudan da shekara 50. Kuma ba Hausawa da Fulani kaɗai ke ajina ba, kowane yaro labarin gidansu yake kawowa, a maƙala a igiya ɗaya. A nan suke ganin hanyar ba gabas kaɗai ta nufa ba: Rabe daga wannan ƙasa ya tashi ya ci Barno a 1893, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, yana can yamma yana musayar wasiƙa da Mahadi.

Muƙarrar zan gama shi in sha Allahu, da bita kafin imtihan, ba kowace hissa, wato lokacin darasi, nake bai wa wannan aiki ba. Roƙona ga majalisa shi ne ta saya wa kowane aji karrasa, wato littafin rubutu, mai kauri da za a riƙa rubuta abin da tsofaffi suka faɗa, da izininsu, a ajiye a makaranta. Gudun hijirar yaƙin nan ya ɗauke mana dattawa da yawa, wasu ba su dawo ba. A kuma bar 'yan mata su shiga wurin tsofaffin mata, don akwai abin da ba za su faɗa wa namiji ba. In kun amince, sai mu fara da unguwarku bayan an gama girbin dawa.

Wassalam.

Ɗanka, malamin tarihi,
Mai Wurno, jihar Sinnar.