Amsa ga Alhajin da ya tambaya: me ya kai kuɗin Bankin Raya Afirka tsibirin Sao Tome?

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan kasuwa. A shirin rediyon da aka gayyace ni kan bankunan raya ƙasa kun bugo waya kun yi tambaya, lokaci ya ƙure ban samu na ba ku amsa ba. Tun da a bainar jama'a kuka yi ta, gara amsar ma ta fito fili. Cewa kuka yi, Najeriya ce ta fi kowa hannun jari a Bankin Raya Afirka, ga talauci ya yi mana katutu a gida, to don me za a kwashi kuɗi a kai wa Sao Tome da Principe, ƙasar da mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma guda a cikin birnin Kano ba? Kuka ƙara da cewa shekara hamsin ana ba su, har yau ba su tsaya da ƙafarsu ba, ashe ba ruwa ake zubawa a rariya ba?

Rabin farko na tambayar ba shi da wuya. Bankin Raya Afirka, wanda hedikwatarsa ke Abijan, taga biyu gare shi ta ba da kuɗi. Akwai ta rance mai kuɗin ruwa irin na kasuwa, inda ƙasashe masu ɗan ƙarfi kamar Najeriya da Masar da Maroko ke karɓa. Akwai kuma Asusun Raya Afirka, wanda aka kafa a 1972, da ke ba ƙasashe marasa ƙarfi kyauta ko rance mai sauƙi. Wannan asusun, yawancin kuɗinsa daga ƙasashen wajen Afirka yake zuwa, duk shekara uku ake sake cika shi, a ƙarshen 2022 an tara masa dala biliyan 8.9. Daga nan Sao Tome ke samu, daga nan kuma maƙwabciyarmu Nijar ke samu. Saboda haka abin da aka kai tsibirin ba daga rabon Najeriya aka yanko shi ba. A 2016 kaɗai bankin ya ranta wa gwamnatin Najeriya dala miliyan 600 don cike giɓin kasafi, kuɗin da ya fi duk abin da tsibirin ya samar a shekarar. Shirin yankunan sarrafa amfanin gona, wanda Kano da Kaduna ke ciki, dala miliyan 210 bankin ya zuba masa. In ma akwai kuɗinmu tsagwaro da ke fita irin waɗannan ƙasashe, to na Asusun Amana na Najeriya ne, wanda mu da kanmu muka kafa a cikin bankin a 1976 da dala miliyan 80, lokacin da man fetur ke tashe.

Rabi na biyu shi ne mai nauyi, kuma a nan kuna da gaskiya fiye da yadda ma'aikatan bankunan za su so su yarda.

Ƙasar tsibirai biyu ce a mashigin tekun Gini, yamma da Gabon, faɗinta gaba ɗaya kimanin murabba'in kilomita 1,000, mutanenta sama da 200,000 da kaɗan. Ta karɓi 'yanci daga Fotugal a ranar 12 ga Yulin 1975. Abin da Turawa suka bar mata manyan gonakin koko ne, domin a farkon ƙarnin da ya wuce ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da koko, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Mozambik da Cape Verde. Da masu gonakin suka tafi gwamnati ta ƙwace gonakin, noman ya durƙushe, bai sake komawa inda yake ba. Yau koko da manja da 'yan yawon buɗe ido ne ke kawo kuɗin waje, kuma ba su kusa biyan abin da ake shigowa da shi ba: shinkafa, fulawa, siminti, magani, mai.

Ku da kuka san harkar shigo da kaya, ku dubi tasharsu ta Ana Chaves. Ruwanta ba zurfi, babban jirgi ba ya iya matsowa bakin gaɓa. Can cikin teku yake tsayawa, a sauke kwantena ɗaya bayan ɗaya a kan faffaɗan kwale-kwale, a ja shi zuwa tudu, a dawo a ɗauki wata. In teku ta yi fushi sai a dakata, jirgi na tsaye, kuɗin jira na hawa, kuma duk wannan a kan buhun shinkafa yake ƙarewa. An daɗe ana maganar gina tasha mai zurfi a Fernao Dias, an sa hannu da kamfanin Faransa, daga baya an sa da na China, har yau tana kan takarda. Ƙanƙantar ƙasa ba ta rage mata kuɗin zama ƙasa. Dole ta riƙe babban banki, da filin jirgin sama, da kwastan, da asibitin ƙwararru, da jirgin da zai haɗa ta da Principe mai nisan kilomita 150 wanda mutanensa ba su kai 10,000 ba. Ƙaramar hukumar da kuka kwatanta ta da ita ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Amma ramin da kuɗin ke zurarewa ta cikinsa, a ganina, guda ɗaya ne: man dizal. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar daga injinan dizal ake samun ta. Kamfanin wuta da ruwa na gwamnati, EMAE, yana sayen mai daga ENCO, kamfanin da Sonangol na Angola ke da mafi yawan hannun jari a cikinsa. Yana sayar da wutar ƙasa da abin da ya kashe wajen samar da ita, kusan kashi ɗaya bisa uku kuma tana salwanta a hanya, wata a tsofaffin wayoyi, wata a hannun masu jona wuta ta bayan fage, wata a wurin waɗanda ba sa biya. EMAE ya kasa biyan ENCO, ENCO ya kasa biyan Sonangol, shekara da shekaru ana rubutawa a littafi saboda zumuncin da ke tsakanin ƙasashen biyu. Da Angola ta gaji ta ce sai kuɗi hannu, sai kowane jirgin mai ya zama daga taskar babban banki ake biyan sa. A 2023 ajiyar kuɗin waje ta kusa ƙarewa ƙarƙaf. Ga kuma kuɗinsu, dobra, tun 2010 a ɗaure yake da yuro, dobra 24.5 a yuro ɗaya. Ɗaurin ya taimaka wajen rage hauhawar farashi, sai dai ba ya ɗorewa sai da ajiya a taska. Kun ga ke nan tallafin da ya shigo ta ƙofar kasafi, hayaƙi yake zama ya fita ta bututun janareta.

Kafin mu yi musu dariya, Baba, mu tuna muna da hannu a cikin abin da ya sa suka yi sakaci. A 2001 Najeriya da Sao Tome suka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai a yankin tekun da suke taƙaddama a kansa, mu kashi 60, su kashi 40, hedikwatar hukumar haɗin gwiwar kuma a Abuja take. Daga ranar kowa a tsibirin ya fara lissafin arzikin da bai zo ba. A Yulin 2003 sojoji suka yi juyin mulki shugaban ƙasa Fradique de Menezes na Abuja wajen taro, bayan mako guda Obasanjo ya raka shi gida a jirgi aka mayar da shi kan kujera. An sayar da izinin haƙa a filin mai na ɗaya kan dala miliyan 123, rabon Sao Tome ya kama miliyan 49. Har doka suka yi a 2004 ta yadda za a adana kuɗin mai, wadda masana suka yi ta yabo, aka buɗe asusu a Amurka. Chevron ya haƙa rijiya a 2006, abin da aka tarar bai kai na kasuwa ba, manyan kamfanoni suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Har yau ba a sayar da ganga ɗaya ba. Wanda yake jiran rijiyar mai ba ya damuwa da gyaran tashar wutar ruwa, haka shekaru masu daraja suka tafi.

Su ma bankunan ba su fita ba. A 2007 aka yafe wa ƙasar bashin da ya kai kimanin dala miliyan 300, amma ba a taɓa tushen abin da ke haifar da bashin ba, sai ya sake taruwa, wannan karon na mai. Tashar wutar ruwa ta Contador, wadda aka gina a 1967, megawat biyu kacal gare ta, ita ce babba a ƙasar da ruwan sama ke kwarara daga duwatsu kusan duk shekara. Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyara ta a 2016, tare da Bankin Zuba Jari na Turai, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara bayan shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙa'idojin ba da kwangila da aka tsara don manyan ƙasashe su ake ɗora wa ma'aikatar da injiniyoyinta ba su cika ɗaki ɗaya ba, manyan 'yan kwangila ba sa sha'awar ƙaramin aiki a tsakiyar teku, wanda ya yarda ya zo kuma sai ya tsuga farashi. Kowane mai ba da tallafi da nasa ofishin aikin, da nasa fom, da nasa masu ba da shawara, sai a wayi gari ƙwararrun ƙasar 'yan kaɗan rubuta rahoto ya cinye musu lokaci. Tashar hasken rana ta farko da aka jona da layin ƙasa, a Santo Amaro, sai 2022 aka buɗe ta, matakinta na farko bai kai megawat ɗaya ba.

Duk da haka ba zan bi ku zuwa cewa a daina ba, domin inda aka sa kuɗin daidai an ga amfaninsa. Asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, IFAD, ya taimaka wa ƙananan manoman da aka raba wa tsofaffin gonaki suka kafa ƙungiyar CECAB. Da can ɗanyen koko suke sayar wa 'yan tsakiya a wulaƙance. Yanzu su ke tsima shi a akwatunan katako, su shanya, su tantance, su sayar kai tsaye ga kamfanin cakulan na Faransa a farashin koko marar taki da feshi. Ba kuɗi mai yawa aka kashe ba, an dai zauna da su shekaru ba a gudu ba. Zazzaɓin cizon sauro, wanda a da shi ne kan gaba wajen kashe yara, an karya lagonsa da feshin ɗakuna da gidan sauro, da taimakon Taiwan da Asusun Duniya na yaƙi da cututtuka. (Taiwan ɗin ma a Disambar 2016 aka sallame ta aka koma wa China, wanda ke nuna muku yadda ƙaramar ƙasa ke cinikin ƙuri'arta idan aljihu ya bushe.) Kusan kowane yaro yana zuwa firamare. Ana zaɓe, mai mulki ya faɗi ya sauka, abin da manya da yawa a nahiyar nan suka kasa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke gaba. A Disambar 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ƙasar daga jerin mafiya ƙarancin ci gaba. A watan ne kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince mata da rancen kimanin dala miliyan 24 na wata 40, da sharuɗɗan da kuka sani: a tsuke kasafi, a gyara kamfanin wuta, a ƙara tara haraji, bayan harajin VAT na kashi 15 da aka fara karɓa a 2023. A takarda ta ci gaba, a zahiri ruwan sama na kwana biyu, irin wanda ya karya gadoji a gundumar Lemba a ƙarshen 2021, ya isa ya mayar da ita baya. Matasanta kuma suna ta kwarara Fotugal tun da aka sassauta biza, ciki har da malamai da ma'aikatan jinya da aka kashe kuɗin tallafi aka horar. Idan aka ɗauki wannan ƙarin matsayi a matsayin hujjar mayar da kyauta rance, to an shirya mata wata yafiyar bashin nan da shekara goma, domin rancen dala da dala ake biyan sa, ita kuwa dalar ce ba ta da ita.

Saboda haka da ni ne wakilin Najeriya a hukumar daraktocin bankin, ba zan ce a hana ba, ba kuma zan ɗaga hannu kan duk abin da aka kawo ba. Duk takardar aikin da aka ajiye a gabana kan Sao Tome, tambaya ɗaya zan fara yi: lita nawa ta dizal wannan aikin zai rage a shekara, ko yuro nawa zai shigo da su? Zan nemi a tattara ƙarfi kan wutar ruwa da ta rana da batiran ajiya da mitar biya-kafin-sha, a bayar da su kyauta, a haɗa da kuɗin kula da injinan na shekara goma a cikin kwangilar, a kuma tilasta wa ma'aikatun gwamnati su biya kuɗin wutar da suka sha kafin a ƙara wa mai sayar da kifi ko sisi. Zan nemi masu ba da tallafi su haɗa ofis ɗaya da fom ɗaya. Sidi Ould Tah, ɗan Muritaniya da ya karɓi shugabancin bankin daga Akinwumi Adesina a Satumbar 2025, ya shafe shekara goma yana shugabantar bankin Larabawa na raya Afirka, ya san waɗannan ƙananan ƙasashe, kuma kujerar Najeriya na da nauyin da za ta sa ya saurara.

A gaida mutanen gida da na kasuwa. Wassalam.