Zuwa ga aminina a Tema, bakin teku a ƙasar Gana

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, Kogin Haɗeja ya fara cika.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da aka hana masu kwalekwale shiga teku watan Yuli ba ka ɗaure kwandon banda ko ɗaya ba, matan da ke yi maka bandar sun kashe wutar murhu, adashi ya tsaya, masunta kuma sai cin bashi a hannun matan da za su saye kifinsu da araha in an buɗe. Wallahi na jajanta maka. Amma da ka ce hana kamu zalunci ne zalla, a nan ban bi ka ba.

Ka manta kududdufin bayan gari? Sarkin Ruwa kan hana taɓa shi har sai ranar su, wato ranar kamun kifi. Wanda aka kama da komar kamun kifi kafin ranar, tara ce da kunya a ƙofar maigari. Ranar da aka buɗe kuwa, ka san irin tarwaɗar da muke fitarwa. Haka ake yi a kogin Matan Fada a Argungu. Kifi na ƙwai, ka bar shi ya zuba. Mutanen Gana ma ai sun daɗe ba sa shiga teku ran Talata, tun kafin gwamnati ta fara tata dokar ta hana masu kwalekwale kamu na wata guda a 2019.

Abin da ya bambanta mu shi ne gona. Mu in an rufe ruwa sai a ɗauki fartanya, rumbu kuma yana nan. Mutumin bakin teku jirginsa ne gonarsa, tarunsa ne rumbunsa. Ka ɗaure masa jirgi wata guda, ka miƙa masa 'yar shinkafa da mai, shin kuɗin makarantar yara fa? Kuma in an buɗe, manyan jiragen nan masu jan taru su kwashe har 'ya'yan kifin da ya yi yunwa dominsu. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan: madatsun ruwan Tiga da Challawa suka canza mana ambaliya, ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa, ba wanda ya tambayi masunci.

In abin ya yi tsauri, turo babban yaronka ya yi noma biyu da mu. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka manta mata da goro.

Naka,
amininka na ƙuruciya