Ba aljanu ke damun ƙanwata ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da muke binnewa da kalmar "haƙuri".

Ƙanwata ta yi shekara tara a gidan miji. Sau huɗu tana yaji, sau huɗu ana zuwa biko, Baba ya ce, "Koma ɗakinki, aure ɗan haƙuri ne." Jikinta kawai ake dubawa. In kumburin ido ya sauka, to ta warke.

Yau wata goma sha ɗaya da mutuwar auren, tana ɗakin Inna. Amma da zarar babur ya tsaya a ƙofar gida bayan isha'i, sai ta miƙe zumbur ta hau jera kwanukan da ke jere. Babur ɗin fa na maƙwabcinmu ne. Ba ta runtsawa sai an kira assalatu. Rannan ludayi ya suɓuce mini a madafi, na waiga na ga ta kare fuska da hannu biyu. Yarinyar da a da sai an ce ta rage surutu.

Dangi suka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Ban raina addu'a ba, ni ma ina yi mata. Sai dai da na kai ta asibitin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna, likita ya ce ciwon damuwa ne da firgicin da kan biyo bayan doguwar azaba, kuma yana da magani.

Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irinta a 2018, ta lissafa zagi, barazana da ƙuntatawa cikin laifuffuka. Duk da haka, a zauren sulhu tambayar ba ta wuce "Ina raunin?" Ina roƙon masu unguwanni da limamai, kafin su ce mace ta koma, su keɓe ta su tambaye ta ko tana barci, da abin da ke faɗo mata a rai in ta ji sallamar maigidan.

Ranar Talata za mu koma ganin likita. Inna ta ce in maƙwabta sun tambaya, mu ce gyambon ciki ne, kada ta rasa manemi.

Wata malamar firamare,
Zariya