Amsa Ga Ƙanwar Da Ta Tambayi Yadda Nake Haɗa Gida, Ofis Da Majami'a

Ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata maigida yana lafiya, ɗan namu kuma zazzaɓin haƙoran ya sauka.

Ranar da za mu tashi daga zumuntar mata kin miƙe a gaban kowa, goye da yaro, kika ce: "Yaya, don Allah ki faɗa mana sirrin. Kina aiki Litinin zuwa Juma'a, 'ya'yanki uku, kina cikin mawaƙa, kina koyarwa a makarantar Lahadi, ga Kirsimeti ta ƙarato, amma ban taɓa ganin kin gaza ba. Ni ɗa ɗaya da aiki ɗaya sun sa ina kuka a banɗaki." Mata suka yi dariya, ni ma na yi, na ce miki alherin Allah ne. Ban yi ƙarya ba, amma dai zillewa na yi. Na ga yadda mata da yawa suka sunkuyar da kai da kika ambaci banɗakin nan, shi ya sa na ce tunda a bainar jama'a kika tambaya, bari amsar ma ta zo inda kowa zai gani.

Ba na haɗa su, ƙanwata. Kowane mako sai na ajiye wani abu. Bambancina da da shi ne yanzu ni ke zaɓar abin da zan ajiye, kafin ya suɓuce da kansa ya fashe.

Ranar Lahadi kike ganina, an yi wanka an yi kwalliya, yara a jere kan benci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da za ki leƙo ranar Alhamis da ƙarfe goma na dare, sai ki tarar da kwamfutar ofis a buɗe kan teburin cin abinci, kwanukan dare a jibge, kayan makaranta na jiran guga, ni kuma ina laluben takalmin auta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Lissafi ne sana'ata, don haka bari mu buga shi tare. Mako awa 168 ne. Likitoci sun ce babban mutum na bukatar barcin aƙalla awa 7 a dare, kin ga 49 sun tafi. Ofis na cin 40, hanya zuwa da dawowa ta ci kusan 10. Saura 69. A cikinsu za a yi girki, wanki, cefane, wankan yara, aikin gida da aka ba su a makaranta, dubiya, gaishe da iyaye, sujadar Lahadi, addu'ar Laraba, zumunta, da gwajin waƙa. A wata mai sauƙi ma da ƙyar ake fita. To Disamba na kamawa sai gwajin waƙa ya tashi daga sau ɗaya zuwa sau uku, ga wasan kwaikwayon yara, ga share majami'a da ƙawata ta, ga ziyarar marasa lafiya da gwauraye. A ofis lokacin rufe littattafan shekara ne, masu binciken kuɗi na bakin ƙofa. Makaranta ta shiga jarrabawa, tana gamawa ta sako miki yara hutu, ke kuwa ba ki da hutu. Duk ukun sun ɗaga murya a lokaci ɗaya, mako kuma ko minti bai ƙara ba.

Awa takwas ɗin ofis ma da gumi ma'aikata suka same ta. A 1919 ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyarta ta farko, wadda ta ƙayyade aikin masana'antu zuwa awa 8 a rana, 48 a mako. Aikin da ke jiran mace a gida kuwa ba wanda ya sa masa iyaka. Ita wannan ƙungiyar ce a 2018 ta bayyana cewa sama da kashi 76 cikin 100 na awannin da ake kashewa a duniya wajen aikin kula da gida da iyali, wanda ba a biyan kowa, mata ne ke yin su. Saboda haka kada wani ya ce miki kukan banɗakin nan raunin bangaskiya ne. Kaya ne suka fi ƙarfin gammo.

Ni ma ba da hankalina na koya ba. Shekara biyu da suka wuce, 'yata ta tsakiya tana da shekara bakwai, aka ba ta mala'ika a wasan yara. Na kwana biyu ina yanka mata fukafukai da kwali, ina manna farar takarda. Gwajin ƙarshe ya faɗo ranar Juma'a, za a tashi ƙarfe shida. Ni na ɗauka babanta ne zai ɗauko ta, shi ya ɗauka ni ce. Ina ofis ina farautar wasu alƙaluma da suka ƙi haɗuwa, waya na cikin jaka a kashe. Bakwai da rabi na shiga gida, ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, "Ina take?" Ban san yadda muka isa majami'a ba. Muka same ta zaune kan bencin maigadi, fitilun ciki duk a kashe, ta ɗora fukafukan kan cinyarta ta rungume, wai kada su yi datti. Ko kuka ba ta yi ba. Sai a hanya ta ce, "Mama, ba komai, na san kina wani taron ne." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga makon nan, duk yammacin Lahadi ni da babansu muna zama da takarda da biro. Mu rubuta duk abin da makon ke ɗauke da shi, kowane layi kuma sai an sa masa suna: wa zai kai, wa zai ɗauko, wa zai kira. Layin da ya rasa mai shi a soke shi nan take, a kira wanda abin ya shafa a ba shi haƙuri tun da sauran lokaci. Takardar na manne jikin firji. Ba ta da kyan gani, rabinta gyare-gyare ne, amma ba a sake barin ɗa a bakin ƙofa ba.

Kin ce ina cikin mawaƙa kuma ina makarantar Lahadi. Haka ne, wata goma sha ɗaya. Amma ki lura da kyau bana, a Disamba cikin jama'a za ki gan ni zaune. Tun makon farko na Nuwamba na sami shugaban mawaƙa na ce, "Baba, taura biyu ba ta taunuwa. Bana wasan yara zan riƙe, a yafe mini waƙa sai Janairu." Ya yi shiru, ya ce, "Aikin Allah ne fa, 'yata." Na ce na sani, Baba, waɗanda na baro a gida ma aikin Allah ne, kuma su ba ni da mataimakiya a kansu. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. Amma faɗa da wuri ya ba shi makonni ya nemo wata murya, kuma yarinyar da ta ɗauki wurina, in gaya miki gaskiya, ta fi ni kai sama.

Wannan magana ta "aikin Allah ne fa" ta sha kwantar da mata da yawa a gadon asibiti, kuma ina roƙon fastocinmu da dattawan ikkilisiya su ji ni da kunnen basira. In aka sa shiri kowane maraice daga Litinin zuwa Asabar, mutanen nan ashirin ne dai za su zo duka, kuma 'ya'yansu ne za su kwana ba su ga iyayensu ba. A Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa zaune yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Ya sa shi naɗa shugabannin dubu, na ɗari, na hamsin, da na goma. Musa fa, wanda ya yi magana da Allah a kan dutse, aka ce ya raba aiki. A Markus sura 6 kuma, da masu zuwa da tafiya suka yi yawa har almajirai ba su sami sukunin cin abinci ba, Yesu da kansa ya ce su keɓe su ɗan huta.

Na san za a kawo mini Marta, wadda ta shagala da hidima yayin da 'yar'uwarta Maryamu ke zaune tana sauraron Yesu. A duk zumuntar da aka karanta Luka sura 10, sai na ga mata masu aiki na ɓoye fuska, kamar su aka kama. Ni kam ina tausayin baiwar Allahn nan. Baƙi ne cike da gidanta, dole wani ya shiga kicin. Abin da Ubangiji ya nuna mata shi ne damuwa da abubuwa barkatai ta raba mata hankali, har Baƙon da ake hidimar dominsa ya koma gefe. Ita ce kuma a Yahaya sura 11 ta fita ta tarye shi, ta shaida da bakinta cewa shi ne Almasihu, Ɗan Allah. Ina jin tsoron Disamba ne don ita ce watan da ya fi saurin mai da ni Marta ta ranar nan: ina ta hidimar haihuwarsa, ban zauna da shi minti biyar ba.

Abin dariya, makonnin nan don jira ne aka tsara su. Ikkilisiyoyin da ke kiyaye Adbent suna fara shi Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, lokaci ne na natsuwa da shirya zuciya. Mu ne muka mai da shi tsere. Ita kanta ranar 25 ga Disamba, rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikinta a Roma na shekara ta 336 ne, 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar kuwa sai 7 ga Janairu suke nasu. In labule bai wanku ba kafin 25 ga wata, sama ba za ta faɗo ba.

Lahadi da rana ba na ba kowa. Tun shekara ta 321 Sarkin Roma Kwanstantin ya yi dokar hutun Lahadi ga alƙalai, mutanen birni da masu sana'a, ya bar manoma su je gona. Uwa mai tukunya kan wuta ba ta shiga dokarsa ba, don haka na yi tawa. Daga ƙarfe biyu zuwa biyar ƙofa a rufe, waya a ɗaki, kowa ya kwanta ko ya yi shiru. Taron da aka sa bayan sujada ya wuce awa ɗaya, sai in nemi izini in tashi. An yi gunaguni, an gaji, an saba.

Batun maigida kuma. Kalmar nan "yana taimaka mini" na daina faɗinta, don mutum ba ya taimakon gidansa, nasa ne. Talata da Alhamis wankan yara da aikin makaranta a wuyansa suke. Wahalar a wurina take, wato in kame bakina. Ya taɓa kai auta makarantar Lahadi da safa kala biyu, na gani daga nesa, na haɗiye. In kin gyara masa komai, gobe zai ce to ki yi da kanki, kuma da gaskiyarsa. Babban ɗana mai shekara goma sha ɗaya shi ke goge takalma da jera kayan Litinin. Na san akwai waɗanda maigida ke aiki a nesa, akwai waɗanda su kaɗai ne. Su ne ya kamata zumunta ta fara tambaya me za a ɗauke musu, kafin a miƙa musu wani kwamiti.

A ofis ba ni da wata dabara sai sammako. Takardar neman hutu tun Oktoba nake miƙawa, ranar wasan yara kuma a rubuce nake sanar da oga. Wata shekarar a ba ni, wata a hana. An taɓa hana ni, na kalli ɗana yana makiyayi a bidiyon wayar wata, tawul ɗin wanka naɗe a kansa. Har yau abin na ci mini rai, kuma takardar jikin firji ba ta da maganin wannan.

Addu'ar iyali ta dare ta koma minti goma a wannan wata: aya ɗaya, waƙa ɗaya, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake godiya a kai. Wani daren auta ya yi barci kafin a kai Amin. Wani daren ni ce.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Na ji an sa sunanki a kwamitin ƙawata majami'a da na ziyara. Ki zaɓi ɗaya kafin Lahadi, in kina jin nauyin faɗa wa shugabar zumunta, ki jira ni bayan sujada mu je tare. Ranar Asabar da safe ki kawo mini yaron, 'ya'yana sun daɗe suna neman wanda za su goya, ke kuma ki koma ki rufe ƙofa ki yi barci, ban ce wanki ba. Ki zo masa da kayan canji biyu, kuma ki gaya mini ƙarfe nawa yake shan maganin haƙoran.

Yayarki cikin Ubangiji.